Ƙarfe Goma Sha Ɗaya

Ni jikan masunci ne, haka na faɗa wa Ruben
tun muna bakin gaɓa a Rockport, gari bai gama wayewa ba.
Ya ce madalla. Ya miƙo mini sanda
siririya kamar tsinken tsire,
a bakin zarenta ƙugiya sanye da gashin zakara
da ƙananan idanu biyu na dalma.
Na ce, ina tana?
Ya ce babu tana, wannan jatan lande ne na ƙarya.
Yau da ƙarya za mu yi su.

Ruwan bai kai gwiwa ba.
Ya kashe inji, ya haye dakalin bayan jirgi
yana tunkuɗa mu da gora sannu-sannu
kamar mai fita daga ɗakin da jinjiri ke barci.

Jifan farko, zare ya naɗe mini wuya.
Na biyu, na kamo hulata.
Na uku ya zube a gabana tuli guda
kamar taliyar da ta kwana.
Zalɓe na tsaye can a kan ƙafa ɗaya.
Bai ce uffan ba, amma na ji.

Ruben ya ce, kana dukan iska kamar ta ci bashinka.
Mayar da zaren baya, ka jira ya miƙe.
Wannan ɗan jiran shi ne sana'ar duka.
Ni kuwa shekara goma sha huɗu
ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani a Houston,
waya a kafaɗa, layi har bakin ƙofa,
na manta inda na ajiye jira.

Can sai ya rage murya: ƙarfe goma sha ɗaya.
Na duba agogo. Bakwai da kwata.
Ya ce ba agogo ba, malam,
hancin jirgi ne sha biyu, dubi hagu kaɗan!

Jela ce ta leƙo daga ruwa tana rausaya cikin ciyawa,
launin tagulla, bakinta shuɗi-shuɗi,
da ɗigon baƙi ɗaya
kamar an dangwala mata yatsa daga tawada.
Mai jelar ya dulmiya kai cikin laka yana tonon ƙaguwa,
bai san da mu ba.
Na ɗaga sanda, inuwata ta riga ƙugiyata isa.
Fuu! Sai gajimaren laka.

Kifi na ganinka, mai jar koma.
A Yawuri kakana Ɗandare kan faɗi haka yana ɗinkin taru.
Ashe da ni yake.

Bakwai na kora kafin azahar.
Gishiri ya bushe a leɓena, kafaɗa ta yi tsami.
Na takwas, wallahi gajiya ce ta sa na jira.
Zaren ya miƙe a bayana, ya dawo da kansa,
gashin zakara ya sauka
kamu ɗaya daga hancinsa, ko ɗis bai yi ba.
Ja. Ja. Tsaya.
Ruwa ya kumbura.
Zare ya tsere ta tsakanin yatsuna da zafin wuta
ina ihu da Hausa, Ruben na amsawa da nasa yaren.

Da ya zo hannu, nauyinsa kamar ɗan yaye,
na ji yana kiɗa a ciki, dum, dum,
ƙaramin kalangu a ƙarƙashin ɓawo.
Ruben ya zare ƙugiya, ya ce riƙe shi a ruwa har ya farfaɗo.
Na riƙe. Jelar ta motsa sau biyu.
Na buɗe hannu.

Kaka, ka yafe ni.
Na san ba ka taɓa ganin wanda ya mayar da miya kogi ba.

A hanyar gida na tsaya na sayi karfasa ta kanti, daskararriya.
Lantana ta juya ledar, ta karanta farashi,
ta dubi tabon zare a yatsana.
Ta ce, Asabar mai zuwa ma?
Na ce Ruben ya ce ruwa zai kawo da sassafe.